Da Sauran Numfashi: Rayuwa da Ciwon da Ba Ya Warkewa

"Ya jiki?" "Da sauƙi." Mun haddace tambayar, mun haddace amsar, har mun daina jin abin da ke cikinsu. Ga mai zazzaɓi ko wanda ya yi targaɗe, gaskiya ce, sauƙin na tafe. Amma akwai majinyacin da likita ya riga ya janye iyalinsa gefe ya shaida musu cewa wannan ciwo ba na tashi ba ne: kansar da ta bazu ta kama hanta da ƙashi, zuciyar da ta gaji da harba jini, huhun da ya ƙi ɗaukar iska, ko cutar da ke kashe jijiyoyin motsi ɗaya bayan ɗaya har mutum ya kasa ɗaga cokali. Shi ma in an tambaye shi, "da sauƙi" zai ce. Mai tambaya ya ce Allah ya ƙara afuwa, a yi jugum, kowa ya sunkuyar da kai. Duk wanda ke ɗakin ya san halin da ake ciki, ba mai furtawa.

Tsakanin ranar da aka fid da tsammanin warkewa da ranar da rai zai fita akwai tazara. Wani makonni yake samu, wani shekaru. Yawancinmu zaman jira muke ɗaukar wannan tazara, kamar fasinjan da ya biya kuɗin mota yana jiran ta cika. Ni kuwa a ganina kwanakin nan rayuwa ce kamar waɗanda suka gabace su, kuma sau da yawa abin da ke mayar da su fanko ya wuce cutar kanta. Akwai raɗaɗin da aka bari ba a kashe ba, akwai gaskiyar da aka ɓoye, akwai kuma yadda na kusa ke ƙwace wa majinyaci duk wani matsayi da yake da shi, da sunan tausayi. Duka da hannun mutum a ciki, don haka suna gyaruwa.

A fara da lissafin kwanaki, tunda shi ne ke fara toshe wa mutum kunne. A 1982 aka gano wata muguwar kansa a cikin Stephen Jay Gould, masanin halittu a Jami'ar Harvard ta Amurka, yana da shekara 40. Da ya murmure daga tiyata sai ya nufi laburare, ya tarar an rubuta cewa wata 8 ne tsakiyar lissafin masu irin ciwonsa. Wani zai karanta haka ya ce saura masa wata 8. Shi da ya san ƙididdiga ciki da bai, ya gane abin da adadin ke faɗa: rabin masu ciwon sun rasu kafin wata 8, ɗaya rabin sun wuce nan, kuma cikin waɗanda suka wuce akwai masu nisan kwana ƙwarai. Ya ƙara shekara 20 a duniya, ya rasu a 2002, kuma wata kansar ce daban ta zama ajalinsa. Haka Stephen Hawking, wanda aka gano yana da cutar ALS mai kashe jijiyoyin motsi a 1963, yana ɗan shekara 21, aka yi masa hasashen shekara biyu. Sai a 2018 ya rasu yana da shekara 76.

Sai dai ina ɗari-ɗari da irin waɗannan labarai, domin da su ake rufe wa majinyaci baki duk lokacin da ya so ya yi maganar mutuwa. Hawking daban yake. Yawancin masu ALS shekara 2 zuwa 5 suke yi bayan an gano ta. Kuma kuskuren likitoci ya fi karkata wajen ƙara kwanaki. A 2000 wasu masu bincike biyu a Chicago, Nicholas Christakis da Elizabeth Lamont, suka tambayi likitoci 343 hasashensu kan majinyata 468 da ke gab da ƙarshe. Kashi 20 cikin 100 ne kawai na hasashen ya yi kusa da daidai, kashi 63 sun yi yawa, kuma a jimlace likitocin sun ninka kwanakin da suka rage kusan sau biyar. Abin da ya fi ba ni mamaki a binciken shi ne, gwargwadon daɗewar likita da majinyacinsa, gwargwadon kaucewar hasashensa. Sabo ya shiga tsakani, shi ma likitan ba ya son rabuwar. Saboda haka tambayar "saura kwana nawa?" ba ta da amsar kirki. Wadda ta fi amfani ita ce: shekaru muke magana, ko watanni, ko makonni, kuma wane abu ne jikin zai fara kasawa? Da wannan ne ake tsara tafiyar da za a yi tun ƙafa na ɗauka, da maganar da za a faɗa tun harshe na juyawa.

Amma duk wani tsari banza ne ga wanda ciwo ke nuƙurƙusa. Wanda ƙashin bayansa ke ci kamar wuta ba ya iya sallah da natsuwa, ba ya iya sauraron jikansa, ba ya ma iya baƙin ciki yadda ya kamata. Raɗaɗin ya cinye komai. Matar da ta fi kowa fahimtar wannan a ƙarnin da ya wuce ita ce Cicely Saunders, 'yar Ingila. Ta fara da aikin jinya, ciwon baya ya sa ta koma sashen kula da walwalar majinyata, daga baya ta karanta likitanci ta gama a 1957. A 1948 ta yi jinyar wani Bayahude ɗan gudun hijira daga Poland, David Tasma, wanda kansa ta kama yana da shekara 40. Ya bar mata fam 500, ya ce a yi taga da su a gidan da take mafarkin ginawa don masu ciwon ajali. Sai bayan shekara 19, a 1967, gidan ya tabbata a kudancin Landan, mai suna St Christopher's. A cikinsa ita ma ta rasu a 2005.

Abu biyu ta bar wa duniya. Na farko, ta nuna cewa ciwon mai jiran mutuwa dunƙulalle ne: na jiki, da fargaba, da damuwar iyali da kuɗi, da tambayar "me ya sa ni?", duk a cure suke, kowanne na rura ɗan'uwansa. Mutumin da tunanin makarantar 'ya'yansa ya hana shi barci zai fi jin zogin ƙashi, kuma allura kaɗai ba za ta kwantar da shi ba. Na biyu ya fi sauƙi, ya kuma fi ceton mutane: a riƙa ba da maganin ciwo bisa agogo, kada a jira sai majinyaci ya yi ihu. A zamaninta sai mutum ya roƙa, an ja masa rai, sannan a yi masa allura, ya samu awa biyu ko uku, ya koma zullumin dawowar ciwon. Ita kuwa ta riƙa ba da mofin, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, ta baki kowane awa 4, daidai gwargwado, sai ga majinyata a farke, suna hira, suna karatu. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarinta na matakala uku kan ciwon kansa: a fara da magunguna masu sauƙi irin su farasitamol, in ba su isa ba a hau zuwa matsakaita, sannan a kai ga mofin da danginsa.

Tsoron mofin har yanzu yana azabtar da mutane fiye da kima. Iyali su ce zai mayar da majinyaci ɗan ƙwaya, ko su ce allurar sallama ce. Dalilin zargin na biyu a bayyane yake: an saba hana shi sai a kwana biyun ƙarshe, don haka duk wanda aka ba ba ya daɗewa, sai a ɗora wa maganin laifin cutar. In likita ya auna shi, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan daidai da ƙarfin ciwon, ba ya gajarta kwana. Matsalarsa da aka fi fama da ita taurin bayan gida ce, kuma tana da magani. Babbar masifar ita ce rashinsa. Wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya ba da rahoto a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rarrabawa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ke buƙatar jinyar sassauci, wato kulawar rage raɗaɗi da damuwa ga mai ciwo mai tsanani, a kowace shekara, kusan kashi 14 cikin 100 ne ke samu. Ba tsada ce ta jawo haka ba, mofin magani ne mai araha. Dokoki ne masu tsauri da ƙarancin horo. Yuganda ta nuna hanyar fita. A 1993 likita Anne Merriman ta kafa cibiyar jinyar masu ciwon ajali a Kampala, ana jiƙa garin mofin da ruwa a zuba a kwalba majinyaci ya sha a gidansa, sannan a 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta shi.

Akwai masu ganin karɓar jinyar sassauci tamkar miƙa wuya ne. A 2010 likita Jennifer Temel da abokan aikinta a wani babban asibitin Boston suka raba majinyata 151 masu kansar huhu da ta riga ta bazu gida biyu. Duka ana yi musu maganin kansa, amma rukuni ɗaya an haɗa su da masu jinyar sassauci tun daga farko. Waɗannan sun fi jin daɗin kwanakinsu, alamun ciwon damuwa sun bayyana a kashi 16 cikin 100 nasu, ɗaya rukunin kuwa kashi 38. Waɗanda suka zaɓi magunguna masu tsanani a ƙarshe cikinsu ba su kai na ɗaya rukunin yawa ba, amma duk da haka tsakiyar lissafin kwanakinsu ya kai wata 11.6, na ɗaya rukunin wata 8.9. Bincike ɗaya ne, kuma ba kowane da ya biyo baya ne ya ga ƙarin kwana ba. Abin da ya tabbatar dai shi ne kwantar wa mutum da ciwo da hankali ba ya rage masa komai.

Sai batun gaskiya, inda na fi ganin ƙauna tana yin ɓarna. A 1961 an tambayi likitoci a Amurka, kusan kashi 90 cikin 100 suka ce ba sa gaya wa mai kansa sunan ciwonsa. Da aka sake tambaya, a binciken da aka wallafa a 1979, kashi 97 suka ce suna faɗa. A wurare da yawa na duniya har yau iyali ne ke karɓar labarin, su roƙi likita ya rufa, don kada zuciyar majinyaci ta karye. Niyyar mai kyau ce. Amma jiki magayi. Mutumin da ke ganin ƙafarsa na ƙanƙancewa, yana ganin 'yan'uwan da suka shekara ba su zo ba suna tururuwa, yana jin ana rage murya in an fita ƙofa, ya san komai. Abin da aka yi masa kawai shi ne an bar shi ya ɗauki sanin shi kaɗai, yana yi musu wasan kwaikwayo suna yi masa. Kuma an sace masa lokaci: na biyan bashi, na rubuta wasiyya, na neman gafarar wanda ya ɓata wa, na faɗin inda takardu suke, na zaɓar ko a gida yake so ya ƙarasa ko a asibiti cikin na'urori. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan ba lasisin jefa wa mutum labari kamar dutse ba ne. Akwai wanda da gaske ba ya son sani, kuma haƙƙinsa ne. Hanyar ganewa ita ce a tambaye shi. Ɗiya za ta iya zama kusa da mahaifinta ta ce, "Baba, kai me ka fahimta game da wannan ciwo? Kana so likita ya yi maka bayani duka, ko ka fi so ya yi mana mu?" In ya kau da kai ya ce a bar wa Allah, an ji amsarsa, a bar ƙofar a buɗe. Da yawa kuwa za su yi ajiyar zuciya su ce dama jira suke wani ya fara.

Kada kuma a sa ran zai bi wani jerin matakai. Matakan nan biyar da likita Elisabeth Kübler-Ross ta bayyana a 1969, daga musu zuwa fushi, zuwa ciniki, zuwa baƙin ciki, zuwa sallamawa, ta samo su ne daga hira da masu ciwon ajali, amma ba tsani ba ne da kowa ke hawa. Mutum na iya sallamawa da safe ya yi fushi da la'asar.

Ciwon da ke naƙasa jiki sannu a hankali yana da nasa ɗacin daban. Yau an daina tuƙi, gobe an daina hawa bene, wata rana sai an kama mutum zuwa bayan gida, wanda ya yi wa yara wanka yanzu su ke yi masa. A jihar Oregon ta Amurka, inda doka tun 1997 ta halatta wa likita ya rubuta wa mai ciwon ajali maganin da zai ƙarasa kansa, hukuma na tattara dalilan masu nema. Ba goyon bayan dokar ya sa na kawo ta ba, amsoshin ne abin dubawa: shekara bayan shekara, abin da ke kan gaba shi ne rasa ikon tafiyar da kai, da kasa yin abubuwan da ke sa rayuwa daɗi, da zubewar mutunci. Raɗaɗi yana can ƙasa da su. Wato abin da ya fi karya mutum shi ne ya ji ya zama kaya.

Mu masu lafiya kuma ba mu iya auna rayuwar mai naƙasa ba. Muna kallon keken guragu mu ce gara mutuwa. A 2011 masu bincike daga Jami'ar Liège ta Beljiyam suka tambayi mutanen da jikinsu ya shanye kusan gaba ɗaya alhali hankalinsu na nan garau, da yawansu da ido kawai suke magana. Cikin 65 da suka amsa tambayoyin duka, 47 suka ce suna cikin jin daɗi, 18 suka ce a'a. Gaskiya ne waɗanda suka fi shan wuya ƙila ba su amsa ba, kuma 18 ɗin nan ba abin rainawa ba ne. Duk da haka adadin ya isa ya sa mutum ya yi hattara da yanke hukunci daga bakin ƙofa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan Adam yana sake ma'auninsa: wanda da sai ya zaga gari yake jin ya yini, yanzu hantsin da ke shigowa ta taga da muryar jika sun ishe shi labari.

Abin da ke hana wannan sabon ma'auni zama shi ne mu. Muna daina kawo masa matsalolinmu don kada mu dame shi. Ana yanke shawarar auren 'yarsa a wani ɗaki. Ana tambayar matarsa "ya ci abinci?" alhali ga shi a zaune yana ji. Muna karɓe masa maɓallin rigar da zai iya sawa da kansa cikin minti biyar don mu sa masa cikin daƙiƙa biyar. Kowanne cikin waɗannan jana'iza ce ƙarama. Malamin da ba ya iya tsayuwa a gaban allo yana iya duba rubutun ɗalibi a kwance. Uwar da ba ta iya shiga kicin tana iya zama a kujera tana ba da umarni, ta kuma yi faɗa in an yi ba daidai ba, kuma wannan faɗan lafiya ce. Akwai hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito daga Anas, cewa in Ƙiyama ta zo alhali a hannun ɗayanku akwai dashen dabino, in zai iya dasa shi kafin ta tsaya, to ya dasa. Ba a ce sai zai ci 'ya'yansa ba.

Wani likitan ƙwaƙwalwa a Kanada, Harvey Chochinov, ya mayar da wannan fahimta hanyar jinya. Ana zama da majinyaci da na'urar ɗaukar murya, a tambaye shi: wane lokaci ne ka fi jin kana raye? Me ka yi da kake alfahari da shi? Me kake so iyalinka su sani, su riƙe? Sai a rubuta, a karanta masa ya gyara, a ba shi ya miƙa wa wanda ya so. Wayar hannu da awa ɗaya sun isa a yi irin wannan a kowane gida, kuma mai ALS gara ya yi tun muryarsa ba ta tafi ba.

Abu ɗaya da nake so a sauke wa majinyaci shi ne nauyin jarumta. "Ka daure", "kada ka karaya", "ƙarfin zuciya ne magani". Wani bincike da James Coyne ya jagoranta a 2007 kan mutum 1,093 masu kansar kai da wuya bai ga wata alaƙa tsakanin yanayin zuciyarsu da tsawon kwanansu ba. Wanda ya yi kuka bai taimaki cutar ba, wanda ya rasu kuma ba gazawa ya yi ba. Sai dai a bambanta baƙin ciki da ciwon damuwa. Mai baƙin ciki yana kuka amma fuskarsa na washewa in wanda yake so ya shigo. Wanda kuwa komai ya daina yi masa daɗi mako bayan mako, yana ganin kansa ba shi da wata daraja, wannan cuta ce ta biyu a kan ta farko, kuma tana jin magani ko da saura wata uku.

Mai jinya ma majinyaci ne da ba a rubuta sunansa a kati ba. Shi ke juya mai ciwo kowane awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito, shi ke kwana a zaune, shi ne kuma wata rana zai ji a ransa "da ma a huta", sannan ya tsani kansa don ya yi tunanin. Gajiya ce, ba rashin ƙauna ba. Mai zuwa dubiya da ya ce "je ki kwanta, ni zan zauna da shi har magariba" ya fi masu dogon jawabi goma.

In ƙarshe ya matso, jiki na janyewa da kansa. Barci ya yawaita, sha'awar abinci ta ɗauke, kuma a nan iyali kan shiga tashin hankali su yi ta ɗura, suna ganin yunwa ce za ta kashe shi. Cutar ce ta rufe cikin, ɗura kuwa na iya sa ya shaƙe abinci ya gangara huhu; jiƙa leɓe da goge baki sun fi yi masa daɗi. Numfashi zai canja, ya riƙa tsayawa yana dawowa, wani lokaci da ƙara a maƙogwaro wadda ta fi damun masu sauraro fiye da mai yin ta. Ma'aikatan jinya sun daɗe suna cewa ji ne ke tafiya a ƙarshe, kuma a 2020 masu bincike a Jami'ar British Columbia suka auna ƙwaƙwalwar wasu 'yan majinyata kaɗan a wani gidan jinya a Vancouver, suka ga tana amsa sauti ko bayan mutum ya daina motsi, saura awanni ya cika. Don haka gardamar kuɗin asibiti da ta gado a fita da su waje. Wanda ya shigo ya matso kusa da kunnensa, ya kira shi da sunan da ya saba kiransa, ya ce, "Baba, ni ce, na iso, ga hannuna."